KUFAN DA BA SU DA ALLO: Raddi Ga Masu Rusau Da Masu Kiran Alamar Tarihi Bidi'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya sanar da ɗan Adam rubutu da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwana Musulmi, maganar da zan yi yau ba za ta yi wa mutum biyu daɗi ba. Na farko shi ne mai mulki ko mai kuɗin da ke turo katafila ta baje tsohon masallaci ko tsohuwar makarantar zaure, ya zuba siminti, ya shafe sunan waɗanda suka kafa wurin kamar ba su taɓa rayuwa ba. Na biyu kuwa ɗan uwana ne a karatu, wanda da zarar ka ce a kafa ɗan allo a kan kufan masallaci domin a san abin da ya taɓa kasancewa a nan, sai ya zabura ya ce ƙofar shirka kake son buɗewa. Waɗannan biyun ba sa zama inuwa ɗaya, kowa na zargin ɗan uwansa, amma aikinsu ya haɗu a wuri guda: ɗaya ya rushe ginin, ɗaya ya hana a tuna da shi. Ni kuwa abin da nake da'awa shi ne, sanya alama a kan kufan masallatai da makarantunmu yana da asali a aikin magabata, yana tsare haƙƙin hubusi, kuma barinsa sakaci ne da za a tambaye mu a kansa.

ABIN DA AKE YI A LANDAN

Bari in fara da mutanen da ba addininmu ɗaya ba, domin wani lokaci sai ka leƙa gidan maƙwabci kake gane yoyon ɗakinka. A watan Satumba na 1666 gobara ta tashi a tsohon birnin Landan, ta ci gidaje sama da 13,000 da majami'un unguwanni 87, har da babbar majami'ar St Paul's. Yawancin waɗannan majami'u tun zamanin tsakiya suke tsaye. Magini Christopher Wren da ma'aikatansa suka sake gina 51, sauran kuwa ba a mayar da su ba, aka haɗe jama'arsu da ta maƙwabta. Daga baya, da mutane suka ƙaura daga tsakiyar birnin aka bar shi ga bankuna da ofisoshi, majalisar Ingila ta yi doka a 1860 wadda ta ba da damar rushe wasu majami'un a sayar da filayensu. Yaƙin duniya na biyu ya zo ya ƙara cinye wasu.

To amma ga abin lura. Wanda ya bi titunan wannan birni yau zai riƙa cin karo da ƙananan alluna manne a bangon banki ko shago, kowanne ɗauke da layi biyu ko uku: a nan majami'a kaza take, ta ƙone a shekara kaza, ko an rushe ta a shekara kaza. Akwai na St Gabriel Fenchurch wadda gobarar 1666 ta ci, akwai na St Martin Outwich wadda aka rushe a 1874. Fiye da shekara 350 ke nan da gobarar, amma yaron makaranta zai iya tsayawa ya nuna da yatsa ya ce a nan take. Ba wanda ke durƙusa wa allon, ba mai shafa shi a fuska. Rubutu ne kawai da ke hana gari manta kansa.

Kada mai karatu ya ɗauka yabon Turawa nake yi. Su ma kwaɗayin fili ya sa sun rushe wuraren ibadarsu da hannunsu, kuma allo ba ya wanke mai rusau daga laifi. Abin da ya ba ni kunya shi ne, mutanen da da yawansu sun daina shiga coci sun riƙe adireshin cocin da ta ɓace tun ƙarni na 17, mu kuwa masu salla biyar a yini ba za mu iya nuna inda kakanninmu suka yi sujada shekara 100 da suka wuce ba. Allah Maɗaukakin Sarki, a aya ta 40 ta Suratul Hajji, Ya lissafa wuraren bautar Yahudu da Nasara tare da masallatai a cikin abubuwan da rushe su ɓarna ce wadda Yake tunkuɗewa da sashen mutane. Wanda Littafinsa ya ɗauki rushewar wurin ibada da wannan nauyi, shi ya fi cancanta ya san inda nasa suka tsaya da inda suka faɗi.

'YANDOTO: GARIN MALAMAI A ƘOFAR GIDANMU

Ba sai mun je nesa ba. Daga nan Nahuce, ka bi ta Bunguɗu ka ratsa Gusau ka nufi Tsafe, ka shiga ƙasar 'Yandoto. Kafin jihadi, 'Yandoto na cikin manyan garuruwan ilimi na ƙasar Hausa, gari ne na malamai da fatake a kan hanyar goro, a ƙarƙashin daular Katsina. Ruwayar Katsinawa tana cewa Muhammadu Korau, sarkinsu Musulmi na farko, daga can ya fito. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804 yaƙi ya ɓarke, malaman 'Yandoto suka rabu: wasu suka bi Shehu, mafi yawa suka ƙi. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya zo da runduna ya ci garin, jama'arsa suka watse.

A cikin wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi na Barno da shugabannin jihadi, waɗanda Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri, al-Kanemi ya zarge su da wulaƙanta littattafai. Bello ya amsa da cewa a wani gari da suka ci shi da kansa ya ga iska na watsa takardu, ya yi ta tsinta har ya gaji, kuma abin ya ɓata masa rai. Masana tarihi da dama suna danganta wannan labari da 'Yandoto. Dubi wannan da kyau, ya ɗan uwa. Jagoran rundunar da ta ci garin ya sunkuya yana tsince ilimin mutanen da ya yaƙa. Mu jikokin ɓangarorin biyu, me muka tsinta?

Daga wannan watsewa ne aka samu garuruwan da muke taƙama da su yau. Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu wanda ya zauna a 'Yandoto, shi ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har yau ake kiran sarkinta Sarkin Katsinan Gusau. Sarkin Tsafe kuwa sarautarsa 'Yandoton Tsafe. Sunan yana bakin maroƙa da 'yan jarida kullum, amma cikin dubban matafiyan da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, mutum nawa ne ya san yana wucewa ta gefen garin da ya yi ƙarnoni yana yaye malamai? Ina allon da zai tare idonsa ya gaya masa? Ina masallacin Juma'ar tsohon garin yake, ina zaurukan karatu, ina iyakar maƙabarta?

Abin da ya fi ciwo, matasanmu da yawa ba su fara jin sunan 'Yandoto a rediyo ba sai a watan Yuli na 2022, lokacin da aka naɗa wani ƙasurgumin ɗan bindiga, Ado Aleru, sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji, har gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Garin da aka sani da alƙalami da tawada, duniya ta san shi da wannan. Idan ba ka rubuta wa yaro tarihin garinsu ba, labarin da ya fi ƙara shi zai zama tarihinsa.

Haka abin yake a sauran wurare. Shehu ya yi kusan shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ya zauna a Faru. Birnin Zamfara da Gobirawa suka ci a ƙarni na 18, da Alƙalawa da ta faɗi a 1808, duk kufai ne yanzu. Ɗalibinmu na Islamiyya zai kawo maka nisan Badar daga Madina, wannan kuwa abin yabo ne, amma ka tambaye shi ina Faru take, sai ya yi shiru.

KANO, ZARIYA DA KATSINA

Manyan biranenmu ma ba su tsira ba. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka gina masallacin Juma'a, aka sare bishiyar da ake tsafi da ita aka tayar da hasumiya a wurinta. Masallacin ƙasa na birnin, da doguwar hasumiyarsa da Turawan farko suka ɗauka a hoto, duk sun tafi. Na simintin da ake salla a ciki yau a zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka gina shi, aka buɗe a 1951. Ba na ƙin faɗaɗa masallaci; Sayyidina Umar da Sayyidina Usman (R.A) sun faɗaɗa na Madina. Tambayata ita ce, cikin masu cika sahu a can ranar Juma'a, nawa ne suka san abin da ya gabaci wannan gini? Ganuwar Kano da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, wadda ke cikin kayan tarihi na ƙasa, an yi ta yankar ta ana gina gidaje da shaguna a idon kowa, kuma a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi aka maye ta da sabuwa.

A Zariya akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830, ginin da masana gine-gine na duniya suka yi ta zuwa aunawa saboda bakan-gizonsa. A shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya saura na tsohon ginin da sabon gini na zamani. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe ya rufto wa masallata ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu Ya karɓi shahadarsu. Wanda ya zauna ya auna wannan masallaci bango-bango ya zana shi, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, wani magini ne ɗan ƙasar Folan mai suna Zbigniew Dmochowski. Baƙo ya zo daga wata uwa duniya ya adana mana siffar masallacinmu, mu muna gardamar ko halal ne a rubuta shekarar gina shi.

A Katsina hasumiyar Gobarau ce ta saura a tsaye, masallaci da makarantar da ke jikinta sun daɗe da shafewa. Ita ce ma hujjata mafi kusa: saboda wannan guntun gini ya tsira, kowane Bakatsine ya san garinsu ya yi ilimi tun ƙarni na 15. Da ita ma ta faɗi ba a bar alama ba, da labarin ya koma tatsuniya.

ALLUNAN DA MUKA IYA KAFAWA

Kada wani ya ce ba mu saba da allo ba. Mun fi kowa iya shi. A haƙa rijiyar burtsatse ɗaya a ƙauye, kafin ruwa ya fito an manna dutse mai sheƙi da sunan mai girma wane da ranar da ya yanke kyalle. A gyara aji biyu na firamare, allon ya fi ƙofar ajin tsada. Har masallatai ba su tsira ba: za ka ga an rushe na ƙasa wanda wani bawan Allah ya gina da guminsa shekaru aru-aru, an tayar da na bulo, an rubuta sunan ɗan siyasar da ya ba da siminti a bakin ƙofa, sunan mai asalin wurin kuwa ko a bakin liman babu shi.

Abin mamaki, ɗan uwana mai tsoron bidi'a yana wucewa ta ƙarƙashin wannan allo sau biyar a yini bai taɓa ɗaga murya ba. Allon da ke ɗauke da sunan rayayye mai neman ƙuri'a, wanda riya ta fi kusa da shi, ya wuce lafiya. Allon da zai ɗauki sunan mataccen malami da ba ya neman komai a wurinmu sai addu'a, shi ne ƙofar shirka. Wannan wane irin ma'auni ne?

SHUBUHA TA FARKO: WAI ƘOFAR SHIRKA CE

Bari in kawo hujjar masu wannan ra'ayi da ƙarfinta, domin amana ce ta ilimi. Suna cewa asalin shirkar mutanen Annabi Nuhu (A.S) daga tunawa da salihai ta fara, kamar yadda Buhari ya kawo daga Ibn Abbas. Suna cewa Manzon Allah (S.A.W) ya aiki Sayyidina Ali ya daidaita kaburburan da aka ɗaga, ya kuma hana a yi gini a kan kabari. Suna kawo labarin da Ibn Sa'ad ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa an sare bishiyar da mutane ke zuwa salla a gindinta suna cewa ita ce ta Bai'atur Ridwan. Duk wannan na karɓa, kuma ina karantar da shi. Ba na kiran a gina ƙubba, ba na kiran a rubuta a kan kabari, ba na kiran a ware wa kufai ranar ziyara.

Amma a duba illar hukuncin. Mutanen Nuhu gumaka suka sassaƙa da siffar mutane. Waɗanda Umar ya tsawata wa salla suke zuwa yi suna neman albarkar wuri. Abin da aka hana shi ne mayar da wurin wurin bauta; saninsa kuwa ba wanda ya hana. Dalili kuwa, a cikin Buharin nan dai Jabir ɗan Abdullahi (R.A), bayan ya makance, ya gaya wa almajiransa cewa da yana gani da ya nuna musu inda bishiyar take. Sahabi ne wannan da ya yi mubaya'ar da hannunsa, bai ga laifin nuna wurin ba. Imam Buhari ya ƙulla babi guda a kan masallatan da ke hanyar Madina da wuraren da Annabi (S.A.W) ya yi salla, ya kawo bayanin Abdullahi ɗan Umar yana siffanta su da bishiya da dutse da tazarar zira'i. Abu Dawud ya ruwaito cewa da aka binne Usman ɗan Maz'un, Manzon Allah (S.A.W) da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye a wajen kansa domin ya riƙa gane kabarin ɗan uwansa.

Sanya alama a ƙasa domin tsare hukunci kuwa tsohon aiki ne. Iyakokin Haramin Makka suna da duwatsun alama, Annabi (S.A.W) ya sa an sabunta su a shekarar buɗe Makka, Umar ya sake sabunta su a halifancinsa. Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari, daga Umar ɗan Shabba, cewa Umar ɗan Abdul'aziz lokacin yana gwamnan Madina ya tambayi mutane wuraren da Annabi (S.A.W) ya yi salla, ya gina su da sassaƙaƙƙen dutse. Kusa da Ɗa'ifa har yau akwai madatsar ruwa mai ɗauke da rubutu a jikin dutse da sunan Mu'awiya (R.A) da shekara ta 58 bayan hijira. Malamai irin su Azraƙi a tarihin Makka da Samhudi a Wafa'ul Wafa sun ƙarar da shekaru suna tantance wane masallaci ne a ina, wace rijiya ce ta wa. Ba wanda ya kira su 'yan bidi'a.

Kuma duk alhajin da ya je Uhudu ya ga manyan alluna da harsuna daban-daban suna bayyana waɗanda ke kwance a wurin da ladubban ziyara da abin da aka hana. Hukumomin da suka fi kowa tsanani a kan wannan babi, da allo suke yaƙar bidi'ar. Gaskiyar magana, camfi a cikin duhu yake girma. Kufan da ba a san tarihinsa ba shi ake cewa gidan aljanu ne, shi boka ke aika mutane su kai baƙar kaza. Ranar da ka rubuta cewa a nan malam wane ya karantar da Risala da Ishiriniya, ya rasu shekara kaza, ka mayar da shi mutum mai ranar haihuwa da ranar mutuwa, wanda ake roƙa wa gafara. Wanda ake roƙa wa gafara kuwa ba a roƙonsa.

HAƘƘIN HUBUSI

Akwai wani ɓangare da masu gardama ba sa taɓawa, alhali shi ne mafi nauyi a fiƙihu. Filin da aka yi masallaci a kansa ya fita daga mallakar mutane. A mazhabarmu ta Malikiyya, duk wanda ya karanta Risalar Ibn Abi Zaid ya san hubusi ba a sayar da shi ko da ya zama kango, malamai ba su yi togiya ba sai a abubuwa kaɗan na maslahar jama'a, kamar faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya ko maƙabarta. Rufin masallaci yana iya faɗuwa, hukuncin ƙasarsa ba ya faɗuwa.

To ta yaya za a tsare hubusin da ba a san iyakarsa ba? Dattawan da suka san wurin suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Bayan shekara 20 wani zai fito da takardar fili, ya gina shago ko ɗakin haya, har ya haƙa masai a inda mihirabi yake, ba da gangan ba, domin ba wanda ya gaya masa. Tsoffin maƙabartu nawa aka yanka fuloti a garuruwanmu sai da ma'aikata suka fara tono ƙasusuwa? Idan filin Idi na Ƙofar Mata a Kano, wanda duk duniya ta sani, an iya jera masa shaguna, har gwamnatin da ta biyo baya ta rushe su a watan Yuni na 2023 aka shiga kotu ana maganar diyyar naira biliyan 30, ina ga kufan masallacin ƙauye da ba shi da mai magana? Malaman usulu sun ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Tsare hubusi wajibi ne, kuma shaida rubutacciya a kan wurin tana cikin mafi sauƙin hanyoyin tsare shi.

SHUBUHA TA BIYU: WAI KOYI DA NASARA NE

Wannan ta fi ta farko rauni. Misalan da na kawo na Mu'awiya da Umar ɗan Abdul'aziz sun girmi allunan Landan da shekaru fiye da dubu. Ko da ma a wurinsu muka gani, ramin Handaƙu shawarar Salmanul Farisi ce daga dabarun Farisa, kuma Umar ya ɗauki tsarin diwani daga wasu al'ummu. Kamanceceniyar da aka hana ita ce ta aƙida da ibada da abin da ya keɓanta da addininsu. Wanda ke hawa mota ya je wa'azi, ya yi magana a lasifika, a watsa a Facebook, ba shi da bakin cewa rubutu a jikin bango ne koyi da Nasara.

SHUBUHA TA UKU: WAI BA LOKACINSA BA NE

Wani zai ce, Malam, ana kashe mu ana sace mu, kai kana maganar allo? Wannan magana tana da zafi, kuma mu mutanen wannan yanki ba labari ake ba mu ba. Amma ita ce ma ta sa maganar ta zama ta gaggawa. Tun wajen 2011 ƙauyuka masu yawa a Zamfara suka tashi, mutanensu suna zaune a Gusau da Tsafe da Bunguɗu da sauran garuruwa. Kowane ƙauye ya bar masallaci da makarantar allo da maƙabarta. Ginin ƙasa damina kaɗan yake buƙata ya koma tudu. Yaran da aka goyo aka gudu da su yanzu sun zama samari, ba su san inda kakanninsu ke kwance ba. Ranar da Allah Ya kawo zaman lafiya, kuma zai kawo da yardarSa, da wace shaida za su koma? Sabbin 'Yandoto ake yi a gabanmu. Ba a fafe gora ranar tafiya: idan ba za a iya kafa allon yau ba, ana iya rubuta abin da za a sa a kansa yau, tun masu sani suna da rai.

ABIN DA NAKE KIRA A YI

Na ɗaya, limamai da malaman Islamiyya su ɗauki littafi su zauna da dattawan unguwa da na 'yan gudun hijira, a rubuta kowane masallaci da makaranta da maƙabarta: wa ya kafa, a zamanin wane sarki, ina iyakarsa, su wa suka yi limanci. A ajiye kwafi a fadar hakimi da wurin alƙali. Wannan ba ya buƙatar kwangila.

Na biyu, duk kwamitin da zai rushe tsohon masallaci domin sabuntawa, ya ɗauki hotonsa ya auna shi kafin a taɓa shi, kuma a sa sunan wanda ya fara kafa shi da shekarar a jikin sabon ginin. In har akwai wurin sunan mai ba da siminti, akwai wurin sunan mai ba da fili. Kuma a fara tambaya tukuna ko gyara zai wadatar, domin allo ba lasisin rusau ba ne.

Na uku, rubutun ya zama gajere kuma tabbatacce, da boko da ajami, domin tsoho da yaro su karanta. Kada a sa kirari ko karamomi, kada a rubuta shekarar da ba a tabbatar ba. A wuri irin 'Yandoto a faɗi abin da ya faru ba tare da zagin kowa ba. Waɗancan al'umma ce da ta shuɗe, hisabinta na wurin Ubangijinta.

Na huɗu, masarautunmu da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da sashen tarihi na jami'o'inmu, har da Jami'ar Tarayya ta Gusau, su haɗa hannu a fara da wuraren da aka sani. Jihar da ta ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999 ita ta fi cancanta ta san inda aka fara karantar da shari'ar a ƙasarta.

Ga ɗan uwana mai tsoron shirka, ina girmama kishinka, kuma tsoron da kake ji ni ma ina jin sa. Amma ka zo mu rubuta allon tare, ka sa layin da ke cewa ba a neman albarka a nan, ba a roƙon kowa sai Allah. Ga mai katafila kuwa, ka tuna ƙasar da kake bajewa wasu sun sa goshinsu a kanta cikin dare suna kuka, kuma Alƙur'ani ya gaya mana a Suratuz Zalzala cewa ƙasa za ta ba da labarinta. Ita ba ta mantuwa, mu ne ke mantawa.

Allah Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka gina waɗannan wurare, Ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu lafiya, Ya raya masallatanmu da salla da karatu, Ya tsare mu daga shirka bayyananniya da ɓoyayyiya. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.